Godiya ga Allah da farin cikin da ba ya gushewa: tambayoyi da amsoshi

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, salama gare ku. Waɗannan tambayoyin wasu an sha yi mini su bayan an tashi daga nazarin Littafi Mai Tsarki, mutum ya ja ni gefe ya ce dan Allah ina da magana, wasu kuma ni ne da kaina na daɗe ina juya su a raina da dare in barci ya ƙi zuwa. Na amsa iya abin da na fahimta daga Maganar Allah. Inda na kawo aya ku buɗe ku karanta da kanku har da na gabanta da na bayanta, don ni ma'anar nake kawowa da bakina, ba kalma da kalma ba.

Wai mece ce godiya a wurin Kirista, ba dai cewa "na gode Allah" ba ne kawai?

Faɗin yana ciki, amma ba shi kenan ba. Mutum zai iya cewa na gode Allah sau hamsin a rana don baki ya saba, kamar amsa gaisuwa, alhali zuciyar tana can tana lissafin abin da ba ta samu ba. Godiya ita ce ka gane cewa abin da ke hannunka ba bashi aka biya ka ba, kyauta ce, sannan ka ɗaga ido daga kan kyautar ka dubi wanda ya ba ka. Bulus ya tambayi Korintiyawa, me kuke da shi wanda ba ba ku aka yi ba? (1 Korintiyawa 4:7). Zauna ka gwada amsa wannan tambayar da gaskiya, za ka ga hatta wayon da ka yi ka samu aikin, da lafiyar da ka tashi da ita ka tafi aikin, ba kai ka ƙera su ba.

Akwai wani abu da nake so sosai. Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta shi, kuma a can alheri shi ne karis, farin ciki kara, godiya kuma yukaristiya, duka ukun daga saiwa ɗaya suka fito. Alheri ya sauko, farin ciki ya tsiro, godiya ta koma inda alherin ya fito. Shi ya sa wasu ikkilisiyoyi suke kiran Jibin Ubangiji da Yukaris, wato godiya kenan. A 1563 kuma da aka rubuta katikizim na Heidelberg a Jamus, wato littafin tambaya da amsa na koyar da bangaskiyar Kirista, kashi uku aka raba shi: baƙin halin da zunubi ya jefa mu, yadda aka cece mu, da yadda za mu gode. Dokoki goma da addu'ar Ubangiji duk a kashi na uku aka saka su. Kun ga kenan su a wurinsu dukan zaman Kirista, biyayyarsa da addu'arsa, godiya ce.

To a kan me zan gode, ni da ban ga wani abin kirki da ya same ni ba a 'yan shekarun nan?

Ɗan'uwa na ji ka, kuma ba zan ce ƙarya kake ba, akwai shekarun da mutum yake fita daga wannan ya faɗa wancan. Amma fara daga abin da shekarun nan ba su taɓa ba. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Wannan ya riga ya faru, an gama, rashin aiki ba zai warware shi ba, ciwo ba zai warware shi ba.

Ka tuna lokacin da almajiran da Yesu ya aika biyu biyu suka dawo suna murna cewa har aljanu suna yi musu biyayya, sai ya ce musu kada murnarku ta tsaya a nan, ku yi murna cewa an rubuta sunayenku a sama (Luka 10:20). Nasara ce fa suka dawo da ita, nasara a aikin Allah ma, amma duk da haka ya janye murnarsu daga kanta ya ɗora ta a kan abin da ba ya motsi, sabida ya san akwai ranar da za su fita su dawo hannu wofi.

Ayar nan da muke so ta Makoki 3:22-23, cewa jinƙansa sabo ne kowace safiya, ba a gidan biki aka rubuta ta ba. A kan kangon Urushalima aka rubuta ta, bayan Babila ta rushe birnin ta ƙone Haikali a wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Mai rubutun yana tsakiyar toka ne ya ce amma ga abin da na tuna, shi ya sa nake da bege.

Farin cikin da ake magana a Littafi Mai Tsarki da jin daɗi ba ɗaya ba ne?

Suna kama, amma tushensu daban. Jin daɗi shi ne albashi ya shigo, an ci jarrabawa, an haihu lafiya, wanda kake ƙauna ya dawo daga tafiya. Shi ma kyautar Allah ne, kada wani ya sa ka ji kunyar sa, Kirista ba a hana shi dariya ba. Sai dai kamar kududdufi yake, in ruwa ya sauka ya cika har ya tumbatsa, in rani ya yi nisa sai ka ga ƙasa ta tsattsage. Farin cikin da Yesu ya yi alkawari kuwa rijiya ce mai zurfi, daga ƙasa take samun ruwa, ko an yi wata da watanni ba hadari in ka zura guga za ka samu.

Duba lokacin da ya yi alkawarin. Yahaya 16:22, daren da za a kama shi ne, ya ce yanzu kuna baƙin ciki amma zan sake ganinku, zuciyarku za ta yi murna, kuma ba mai ƙwace muku wannan murnar. Dalilin da ya sa ba mai ƙwacewa shi ne an ɗaure ta a jikin tashinsa daga matattu, wanda yake so ya ƙwace ta sai dai in zai iya mayar da Yesu kabari.

Sai wasiƙar Filibiyawa. Surori 4 ne kawai a cikinta, ayoyi 104, amma maganar farin ciki da murna ta zo kusan sau 16, kuma wanda ya rubuta ta a ɗaure yake, yana jiran hukuncin da bai san ko rai ko mutuwa ba. A 4:11 ya ce na koyi zama da wadar zuci a kowane hali. Wannan kalmar "na koyi" tana kwantar mini da hankali ƙwarai, don ta nuna ko Bulus ba da shi aka haife shi ba, kuma ba ranar da ya gamu da Yesu a hanyar Dimashƙu aka zuba masa shi gaba ɗaya ba, a hankali ya koya, da yunwa da ƙoshi, da samu da rashi. Nan ne ma aya ta 13 ta fito, zan iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, wadda muke yawan ɗauka mu shiga jarrabawa ko neman aiki da ita, alhali shi abin da yake cewa shi ne zan iya kwana da yunwa ban zagi Allah ba, zan iya ƙoshi kuma ban manta da shi ba.

Galatiyawa 5:22 ta lissafa farin ciki cikin 'ya'yan Ruhu, shi ne na biyu bayan ƙauna. Ɗan itace kuwa ba a ɗaura shi a reshe da igiya, fitowa yake in reshen yana manne da itacen. Don haka in ka ga farin cikinka ya yi ƙasa, kafin ka fara matsa wa kanka sai ka yi murmushi, duba tukuna yaushe rabonka da zama da Ubangiji.

An ce mu yi godiya a cikin kowane hali. Har da mutuwa? Har da ciwo da zalunci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma ba na so in amsa ta da sauri. 1 Tasalonikawa 5:18 cewa ta yi a cikin kowane hali. Gaskiya ne Afisawa 5:20 ta ƙara da cewa saboda kowane abu, ba zan ɓoye wannan ba, amma dole a karanta ta tare da sauran Littafin, kuma babu inda Allah ya kira mugunta abu mai kyau. Mutuwa ma maƙiyiya aka kira ta a 1 Korintiyawa 15:26. Yadda na fahimta shi ne, ba a ce uwar da ta rasa ɗanta ta ce na gode da mutuwar ba, ba a ce wanda aka zalunta ya yaba wa zaluncin ba. An ce ne a tsakiyar abin akwai Allah, bai tafi ba, bai sake hali ba, kuma ba wannan abin ne zai yi magana ta ƙarshe ba.

Habakkuk shi ne ya fi taimaka mini a nan. Ya fara littafinsa da ƙorafi ne, har yaushe zan yi ta kuka ba ka ji ba, Allah kuma ya ba shi amsar da ta fi tambayar zafi, cewa Babilawa suna zuwa. A ƙarshe a 3:17-18 sai ya jera abin da zai iya rasawa ɗaya bayan ɗaya, ɓaure bai yi toho ba, inabi babu, zaitun ya ƙi, gona ba ta ba da komai ba, garke babu tumaki, turke babu shanu, ga manomi wannan ai rayuwa ce gaba ɗaya ta tafi, sannan ya ce duk da haka zan yi farin ciki da Ubangiji. A aya ta 16 kuma ya riga ya faɗa cewa cikinsa yana rawa, leɓunansa suna kaɗawa. Da rawar jikin ya yi godiyar, bai jira ta daina ba.

Bulus da Sila a Filibi, an tuɓe su an yi musu dūka da sanduna, an jefa su can cikin kurkuku an sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo, sauran fursunoni suna saurare (Ayyukan Manzanni 16:25). Mu da muka san labarin mun san girgizar ƙasa tana zuwa, su lokacin da suka fara waƙar ba su sani ba.

Ubangijinmu kansa, a daren da aka ba da shi, ya ɗauki gurasa ya yi godiya ya gutsuttsura. Ya san gurasar nan jikinsa take nufi, ya san wanda zai bashe shi, ya kuma yi godiya. Yahaya Kirisostom, bishop na Konstantinoful, da aka kore shi aka yi ta jan sa a hanya har ya mutu a gudun hijira a shekara ta 407, maganarsa ta ƙarshe da aka ruwaito ita ce ɗaukaka ga Allah saboda dukan abu. In kai yau ba ka kai nan ba, kada ka zargi kanka. Fara da iya abin da bakinka zai iya furtawa da gaskiya, ko da kuwa "na gode da ba ka bar ni ba" ne kawai.

To zunubi ne Kirista ya yi kuka ko ya yi wa Allah ƙorafi?

A'a. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, kuma ya san zai tashe shi nan da ɗan lokaci. A Getsamani ya ce raina yana baƙin ciki har kamar in mutu. Cikin Zabura guda 150 da muke da su kusan kashi ɗaya cikin uku na kuka ne da ƙorafi, Zabura 13 ta ce "har yaushe" sau huɗu a aya biyun farko, Zabura 88 kuwa da duhu ta ƙare, babu juyawa zuwa yabo a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta a cikin littafinsa don mu yi addu'a da ita. Ayuba da ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, a sura ta 1, shi ne a sura ta 3 ya la'anci ranar da aka haife shi.

Bambancin yana wurin wanda kake kai wa kukan. Isra'ilawa a jeji gunaguni suka yi a kan Allah, a bayan idonsa, suna cewa gara Masar. Dauda kuwa gaban Allah ya je ya zube ya faɗa masa. Na farkon yana nisanta mutum, na biyun addu'a ne. Bulus ya haɗa abin a 2 Korintiyawa 6:10, muna baƙin ciki amma kullum muna farin ciki, biyun a zuciya ɗaya a lokaci ɗaya.

Na yi shekaru ina roƙon abu ɗaya ban samu ba. Ta yaya zan ce Allah mai alheri ne?

Ban san dalilin da ya sa ya jinkirta naka ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani tabbas, ka yi hattara da shi. Abin da na sani shi ne Bulus, wanda ta hannunsa aka warkar da wasu, ya roƙi a cire masa ƙaya daga jikinsa sau uku ba a cire ba, aka ce masa alherina ya ishe ka (2 Korintiyawa 12:8-9). Yesu ma sau uku ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahalar da ke gabansa, aka bar masa shi. In da rashin amsa alamar rashin ƙauna ce, da Uba bai ƙaunaci Ɗansa ba kenan.

Ni ma akwai abin da nake roƙo tun da daɗewa, har yau shiru. Abin da yake riƙe ni shi ne Romawa 8:32, cewa Allah bai hana Ɗansa ba, ya ba da shi dominmu. Ba na auna alherinsa da abin da ban samu ba tukuna, da gicciye nake auna shi, don can ne ya nuna halinsa a fili. Ka ci gaba da roƙo, ba a ce ka daina ba, Filibiyawa 4:6 ma cewa ta yi ku kai roƙonku tare da godiya. Abin da aka yi alkawari a aya ta 7 kuma salama ce mai tsare zuciya, tun kafin a ga amsar.

Me ya sa muke saurin manta alherin Allah?

Sabida wahala tana da ƙara, alheri kuwa shiru yake zuwa. Haƙori ɗaya in yana ciwo shi kaɗai za ka ji, sauran da suke lafiya ba wanda ya tuna da su.

Kutare goma Yesu ya warkar a kan iyakar Samariya da Galili, ɗaya ne tak ya dawo, shi ma Basamariye (Luka 17:11-19). Tara ɗin nan ban ɗauke su mugaye ba, umarni ma suke bi, an ce su je wurin firistoci, ga ɗokin komawa gida bayan shekaru ba su taɓa 'ya'yansu ba. Amma Yesu ya tambaya, ina taran? Ashe yana lura. Goma sun sami lafiyar fata, ɗaya ne ya dawo ya faɗi a ƙafafunsa ya ji an ce masa bangaskiyarka ta cece ka.

Abin tsoro shi ne ƙoshi ya fi yunwa sa mantuwa. Maimaitawar Shari'a sura 8 gargaɗinta kenan, bayan shekara 40 a jeji, Musa ya ce in kun ci kun ƙoshi kun gina gidaje masu kyau, ku yi hankali kada ku ce ƙarfina ne ya kawo mini wannan. Shi ya sa Allah ya yi ta sa su kafa abin tunawa, duwatsu 12 daga Urdun aka kafa a Gilgal don in yara sun tambaya a ba su labari, Sama'ila ya kafa nasa ya kira shi Ebenezer, har zuwa nan Ubangiji ya taimake mu. Dauda ma da kansa yake yi wa ransa magana a Zabura 103, ya raina kada ka manta da alheransa.

In na shiga Facebook na ga shaidar wasu, mota, aure, haihuwa, sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Me zan yi?

Karanta Zabura 73, Asaf ya riga ka shiga wannan. Ya ce saura kaɗan ƙafata ta zame don na ga masu girman kai suna cin gaba, har ya kai ga cewa ashe a banza na tsarkake zuciyata. Abin bai warware masa ba sai da ya shiga wuri mai tsarki, ya fito yana cewa wa nake da shi a sama in ba kai ba.

Ka tuna kuma ranar murna kawai ake ɗorawa, ba mai ɗora hoton daren da ya kwana yana kuka. Ga shawara biyu: ka yi wa mutumin addu'ar albarka da sunansa, a bayyane, don da wuya ka yi wa mutum addu'a kullum kana kuma yi masa hassada. Na biyu, in ka san wayar ce take ɗauke maka salama, ajiye ta na 'yan kwanaki, babu abin kunya a ciki. Masu ba da shaida kuma dan Allah ku riƙa tunawa akwai mai sauraro da yake jira har yanzu, ku ɗaukaka mai bayarwa fiye da abin da aka ba ku.

Akwai godiyar da Allah ba ya karɓa?

Akwai. Bafarisiyen Luka 18 da "na gode maka ya Allah" ya buɗe addu'arsa, amma abin da ya biyo baya duk shi ne, ni ba kamar sauran mutane ba ne, ina azumi sau biyu a mako, ina ba da zakka. Mai karɓar haraji da ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji shi ya koma gida baratacce. Duk godiyar da sai ka taka wani kafin ta tsaya, yabon kai ce aka sa mata rigar godiya.

In ban ji komai a zuciyata ba, ba munafunci ba ne in yi godiya?

Munafunci shi ne ka nuna wa mutane abin da ba ka yarda da shi ba. Amma in ka yarda Allah nagari ne, ji ne kawai ba ka ji, to faɗin hakan gaskiya ce ka faɗa. Ibraniyawa 13:15 ta kira shi hadayar yabo, hadaya kuwa abu ne da yake cin mutum. Ka gaya masa yadda kake, ka ce Ubangiji zuciyata a bushe take yau amma na san kai ba ka canja ba. Sau da yawa jin yana biyo baya, wani lokaci a ranar, wani lokaci sai an daɗe.

Ciwon damuwa fa, rashin bangaskiya ne?

A'a, kuma ina roƙon 'yan'uwa mu daina gaya wa masu fama da shi haka, muna ƙara musu kaya ne a kan wanda ya riga ya danne su. Iliya, bayan wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a ƙarƙashin wani itace ya roƙi ya mutu (1 Sarakuna 19). Dubi yadda Allah ya bi da shi. Bai fara da wa'azi ba, mala'ika ne ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, ya sake tashe shi ya ci. Sai daga baya a Horeb aka yi magana, aka gaya masa ba shi kaɗai ya rage ba akwai mutum 7,000, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya.

In baƙin ciki ya kai makonni ba ya ɗagawa, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, abin da kake so a da ya fita ranka, je ka ga likita, ka kuma gaya wa wani amintacce a ikkilisiya. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. In kuwa tunanin kashe kai yana zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, gaya wa wani yau ɗin nan.

Dole sai da kuɗi ake nuna godiya?

Ba dole ba, kuma ba a sayen albarka. Bayarwa tana fitowa daga godiya in zuciya ta cika, kamar ikkilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya ce talaucinsu da farin cikinsu ne suka haɗu suka zama yalwar kyauta (2 Korintiyawa 8:2). Gwauruwa ta saka 'yan tagulla biyu Yesu ya ce ta fi kowa. In babu a hannu, akwai lokacinka, akwai ziyarar mara lafiya, akwai yafe wa wanda ya ɓata maka.

Ni zunubi ne ya ɗauke mini farin ciki, zai dawo kuwa?

Zai dawo. Dauda bayan zunubin da ya yi da Batsheba, da annabi Natan ya fuskance shi, ya roƙa a Zabura 51:12 cewa ka mayar mini da farin cikin cetonka. A Zabura 32 kuma ya kwatanta yadda ƙasusuwansa suka lalace lokacin da ya yi shiru ya ɓoye. Ka furta, ka bari, in akwai wanda ka cuta ka je ka gyara iya abin da zai gyaru. Sannan ka karɓi gafarar, don wasunmu Allah ya yafe amma mu muna nan muna hukunta kanmu shekara da shekaru kamar jinin Yesu bai isa ba. Lokacin da Ezra ya karanta Shari'a jama'a suka fashe da kuka don sun ga laifinsu, abin da aka gaya musu shi ne kada ku yi baƙin ciki, farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinku (Nehemiya 8:10). Ga masu tuba aka fara faɗin wannan ayar.

A aikace ta ina zan fara?

Ka sa mata lokaci, don in ka bar ta sai ka ji kana so, za a daɗe. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa ya yi addu'a da godiya, kuma ranar da aka sa hannu a dokar da za ta kai shi ramin zakoki, Littafin ya ce ya yi kamar yadda ya saba (Daniyel 6:10). Sabon ne ya riƙe shi.

Abin da ya taimake ni shi ne kama suna. "Na gode da komai" ba ya taɓa zuciya sosai, amma na gode da kiran da 'yar'uwata ta yi mini yau daidai lokacin da nake bukata, wannan yana zama. Sami ɗan littafi ka riƙa rubutawa da kwanan wata, har da addu'o'in da ka yi, in shekara ta zagayo ka buɗe, za ka sha mamakin abubuwan da suka hana ka barci a da waɗanda yanzu ka manta ma sun taɓa faruwa. In bakinka ya rasa kalma ari na Zabura, 103 ko 136, wadda take maimaita cewa ƙaunarsa madawwamiya ce har sau 26, karanta da murya. Kada kuma ka bar taron 'yan'uwa, ranar da ba ka iya waƙa ba muryar na kusa da kai za ta ɗauke ka. Mutanen da Allah ya bi ta hannunsu ya taimake ka su ma ka je ka gode musu tun suna da rai.

Ɗan'uwana yana cikin makoki, in tuna masa ya gode wa Allah?

Kada ka yi gaggawa. Romawa 12:15 ta ce ku yi kuka da masu kuka, Karin Magana 25:20 kuma ta kwatanta mai rera waƙa ga mai baƙin ciki da wanda ya tuɓe wa mutum riga ranar sanyi. Abokan Ayuba abin da suka yi daidai shi ne kwana bakwai ɗin da suka zauna a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba, da suka buɗe baki suna neman yi masa bayanin dalili ne suka ɓata, har Allah ya tsauta musu a ƙarshe.

Je ka zauna. In ya yi magana ka saurara, in ya ce ina Allah yake kada ka firgita ka fara jero masa ayoyi, Romawa 8:28, mai cewa Allah yana sa kowane abu ya zama alheri ga masu ƙaunarsa, gaskiya ce amma ba lallai a ranar farko ba. Godiyar da shi bai iya yi yanzu ba, kai ka yi ta a madadinsa a ɗakinka, ka gode wa Allah domin ran wanda ya tafi da shekarun da aka yi tare. Bayan wata ɗaya ko biyu kuma, lokacin da jama'a sun watse waya ta daina ƙara, ka koma, ka ambaci sunan mamacin, ka ba da labarin wani alheri da ya taɓa yi maka, ka bar ɗan'uwan naka ya ba da nasa in yana so.